Ranar da Na Zubar da Shayin Neman Aurena

Saura kaɗan ban rubuto muku komai ba a wannan makon. Na rubuta na goge, na sake rubutawa na goge, har wayar ta yi zafi a hannuna. Kun san ni da jinkirin rubutu, firamare kawai na yi, kuma abin da ya faru a gidanmu ranar Lahadi ko da baki ma nauyin faɗarsa nake ji. Sai wata 'yar uwa a nan ta turo min cewa, "Gizlan, in kika yi shiru za mu ɗauka an gama magana." Ba a gama ba. Ko Fatiha ba a karanta ba.

Ga wanda yau ya fara karanta ni, a Anza muke zaune, bayan tashar jiragen ruwan Agadir, unguwar da ko mayafi ka shanya sai ya ɗauko ƙarnin kifi. Inna tana aiki a kamfanin sa kifi a gwangwani. Ni ce a gida tare da Baba, tun lokacin da shanyewar ɓarin jiki ta kashe masa hannun dama ta kuma ɗauke masa magana.

Da ƙuruciyarsa Baba ya yi aikin inji a jirgin kamun kifi na Japanawa. Abokansa sun dawo da rediyo da agoguna, shi kuwa ya dawo da wata 'yar na'urar gem ja da fari, Famikom, da jaka cike da kaset-kaset masu launi kamar alewa. Ita na'urar ba ta cin wutar kowa sai ta cajarta, cajar kuma ba ta shiga bangonmu sai ta bi ta wani taransifoma mai nauyin dutsen niƙa. Kafin ciwo ya same shi ya koya min buɗe ta da goge ta da liƙa waya da dalma. Yanzu kullum bayan la'asar sai in jona masa. Abin dannawa ɗaya muke riƙewa mu biyu: shi yana tuƙi da hagunsa, ni ina danna tsalle. Igiyar gajera ce, dole mu zauna kafaɗa da kafaɗa. A duk tsawon yini a nan kaɗai nake jin dariyar Baba.

Shi kuma Radwan a wani zauren waya na masu tara tsofaffin gem muka haɗu. Ya saka hoton kantarsa, kwalaye na fitowar Turai jere reras, ko ledarsu ba a ɓare ba. Ni da ba na iya kallon mai sayar da burodi a ido, sai ga yatsuna sun rubuta masa:

"Kwali kake bugawa ko gem?"

"Ke kuma wace ce?" ya amsa. "Hala 'yar Japan ce. Ku da ko rubutun kaset ɗinku ba kwa iya karantawa."

"Naku na Turai tafiyar hawainiya suke yi. Kiɗan ma kamar mai gyangyaɗi."

"Kwalinmu ya fi girma."

"Sai ka zuba tufafi a ciki."

Haka muka fara. A waya bakina ba ya mutuwa, ban san dalili ba. Wata rana ya karanto min labarin gem ɗin da muke yi da Baba daga ɗan littafin bayaninsa na Faransanci. Mu tun ina ƙarama mun ɗauka ɗan mutumin nan masunci ne da ke neman hanyar komawa gida wurin 'yarsa. Ashe wai sojan haya ne mai farautar dukiya. Na yi fushi na daina amsa masa. Sai ya turo, "Na jefar da na littafin. Naku ya fi daɗi." Wallahi daga ranar ne na san na shiga uku.

Da ya ce zai turo manya, Inna sai da ta yi sujada. Ba zan ɓoye muku ba, waɗanda suka zo a baya da zarar sun ji inda karatuna ya tsaya sai ƙafa ta ɗauke. Shi kuwa Radwan a kantin magani yake aiki, ga hankali, ga mota. Amma Halti Ijja, yayar Inna, wadda babu gidan da ba ta san abin da ake dafawa a cikinsa ba, ta zo mana da labari.

"Ku saurare ni da kyau," ta ce tana warware mayafi. "Uwarsa, Lalla Zubida, ba abin da ta tsana a duniya kamar kwalayen nan nasa. Haukan yara take ce musu. Ta rantse mace za ta samo masa mai hankali wadda za ta share ɗakin nan ta zuba kayan gado. Shi kuma cewa ya yi mata ya samu yarinya shiru-shiru mai jinyar ubanta. Bai ce mata komai game da gem ba."

Inna ta juyo ta kalle ni. "Kin ji ko?"

"Na ji, Inna."

"Za ki shigo da shayi, ki zuba, ki sunkuyar da kai. In ta yi miki magana ki ce Allah ya ƙara lafiya, Lalla. Shi ke nan. In na ji kalmar Japan a bakinki sai na yanke harshen."

Halti Ijja ta yi dariya. "Wannan? Ai ko cewa aka yi ta yi magana ba za ta iya ba. Kunyarta ce jarinmu."

Ranar Asabar aka kwashe komai. Kaset-kaset suka shige ƙarƙashin gadon Inna. Yayana, Dadda Lahsen, ya ɗauki taransifoma da cajar ya kai gidan maƙwabta yana mita wai bayansa zai ɓalle. Na'urar ce kawai ta gagara. Inna na kai hannu Baba ya rungume ta a ƙirjinsa, da kaset ɗinmu a ciki, ya kafe ta da ido. Ta yi lallashi, ta yi faɗa, ya ƙi saki. Ƙarshe ta ce to ya riƙe a cinyarsa, a lulluɓe da bargo, babu mai gani.

Da safiyar Lahadi saƙon Radwan ya shigo.

"Na saka miki wata kyauta a but ɗin mota. Na'urar Turai, mai ruwan toka, da duk kayanta. Na ɓare kwali saboda ke, ki san girman abin."

"Kar ka fito da ita gaban Lalla."

"Ni mahaukaci ne? Dadda Lahsen zan ba a ɓoye."

Aka sa min kaftani ruwan zuma na 'yar Halti Ijja, ya yi min tsawo har sai da aka naɗe shi a ƙarƙashin ɗamara. Aka ja min kwalli, aka fesa min ruwan furen lemo. Falo kuwa an sauya rigunan kujeru, an shimfiɗa kafet ɗin da ba a fito da shi sai da salla, an jera kaab gazal, gashin fulawa mai zaƙi, da amlu, markaɗen almon da zuma, da gyaɗar almon a faranti. Aka sa wa Baba farar jallaba, aka tura kekensa na marasa lafiya kusa da taga.

Suka iso gab da la'asar: Radwan, da Lalla Zubida, da kawunsa Haj Bujma. Ta labulen kicin na leƙa. Sun kawo furanni da manyan dunƙulen sukari a naɗe cikin shuɗiyar takarda, kamar yadda masu neman aure ke yi a nan, aka ajiye a tsakiyar tebur. Lalla Zubida doguwa ce, kaftaninta kore mai aikin zare, tana zama ta bi bangon falon da kallo kamar mai ƙirga tsagar da ke jiki. Radwan ya sunkuya ya sumbaci kan Baba. Ban taɓa ganinsa kusa haka ba. Kunnuwansa sun yi ja.

Aka tarbe su da madara da dabino, aka yi gaishe-gaishe. Aka kira salla, maza suka yi a nan gefen falo. Ni ina kicin ina wanke na'ana'a.

Ana sallamewa na ji ƙwanƙwasa. Ƙwas, ƙwas, ƙwas. Baba ne yake buga hannun kekensa da zobe, yadda yake yi kullum in lokacinmu ya yi.

"Me yake so ne, bawan Allah?" Muryar Lalla Zubida ce.

"Ba komai, Lalla," in ji Inna da sauri. "Haka yake yi in ya ji daɗin baƙi."

Sai na ji bargo ya zame daga cinyar Baba.

"Au," in ji Lalla Zubida. "Nan ma akwai?"

Dadda Lahsen ya yi wata dariyar da ba ta kai ciki ba. "Tsohon tarkacen Baba ne, Lalla. Tun na jirgi. Ko aiki ba ya yi."

Ƙwanƙwasar ta ƙaru. Na san Baba yana nuna talabijin.

"Ammi Mbarak so yake a kunna masa," na ji Radwan ya ce a hankali, haka yake kiran Baba. "Ina cajar?"

"Ta ɓata, ɗana," in ji Inna. "Tuntuni."

Na saki ajiyar zuciya, na ce magana ta ƙare. Na juya wurin buta. Ina ɗaga ta sama ina zubawa ina mayarwa don ya yi kumfa, ban ji fitar kowa ba. Abin da na ji kawai shi ne muryar uwarsa tana cewa, "Radwan! Ko yau ma?" Halti Ijja kuwa ta ɗora min tire a hannu, ta gyara min mayafi, ta tsunkule ni a kafaɗa.

"Ido a ƙasa. Baki a rufe. Bismilla."

Na shiga ina kallon ƙafafuna, kofuna na kaɗawa a kan tire. Da ban ɗago ba da yanzu wani labarin nake ba ku. Amma na ji Baba yana wani irin sauti daga maƙogwaro, wanda ban taɓa ji ba sai ranar da ya faɗi.

Radwan yana durƙushe gaban talabijin. Ya ɗora na'urar a kan ƙaramin tebur. A bango kuwa ga wata caja da ba tamu ba, ta na'urar Turai, ya riga ya soka ta, bakin igiyar yana hannunsa yana laluben ramin da ke bayan na'urar.

Ku da ba ku san abin ba, bari in gaya muku. Kamfani ɗaya ne ya yi su, bakin cajar Turai yana shiga ramin ta Japan daidai, kamar don ita aka yi shi. Amma irin wutar da ke fitowa daban ce, ƙona ta take yi. Wannan ne abu na farko da Baba ya koya min. Radwan bai sani ba, shi da kayansa ke rufe a leda, bai taɓa jona ta Japan da hannunsa ba.

Baba yana girgiza kai, yana miƙa hannun hagu, bakinsa na motsi babu kalma.

"Dubi murna," in ji Haj Bujma. "Yi sauri, yaro, tsohon ya ƙagu."

Sai Baba ya juyo ya kalle ni. Duk falon ni kaɗai ce na san abin da yake faɗa. Na kalli Inna, ta zaro min ido. Na kalli Lalla Zubida, ta fara min murmushi, na farko tun zuwanta. A raina na ce, ki yi shiru, Gizlan, roba ce, za a sami wata. Kuma na san ƙarya nake yi.

"Kai! Cire hannunka! Za ka kashe ta!"

Ban san muryata tana da ƙarfi haka ba. Ban san lokacin da na saki tiren ba. Buta ta kife, kofuna suka tarwatse, shayi ya malale a kafet ɗin salla ya fantsama a gefen koren kaftani. Na tsallake tebur, kaftanina ya warware na taka shi, na faɗa kan gwiwa na fizge cajar daga bango. Amma bakin ya riga ya shiga. Na ji wani ɗan sauti, ɗas, sai wani wari kamar na ƙonannen kifi.

Da a nan na tsaya ma da sauƙi. Sai bakina ya ɓalle.

"Wa ya ce ka taɓa? Ta Japan ce! Ba a sa mata ta Turai! Kai da ba ka taɓa kunna ko ɗaya ba, sai jera kwali! Shekara nawa ina kula da ita, ni na canja mata wayoyi, ni na gyara mata hoto, kullum da ita muke..."

Na tsaya. Radwan yana durƙushe, igiya a hannu, fuskarsa ta yi fari.

Lalla Zubida ta ɗaga gefen kaftaninta da yatsu biyu, ta kalli ɗanta.

"Wannan ce shiru-shirun?"

"Mama, don Allah..."

"A ina kuka haɗu?" Ta gyaɗa kai. "Na gane. Na fito neman magani, ashe gidan ciwon aka kawo ni."

"Lalla, tsoro ne ya kama ta," Inna ta ce. "Wallahi ba halinta ba ne. Ijja, kawo ruwa da tsumma."

"Bar shi, 'yar uwa. Zai wanku." Ta miƙe. "Haj, mu tafi."

Haj Bujma ya tashi yana gyaran murya, ya ce kowane abu da lokacinsa, za a sake zama in Allah ya so. Inna ta bi su har ƙofa ba takalmi tana ba da haƙuri. Radwan ya tsaya kamar zai ce min wani abu, uwarsa ta kira sunansa daga waje, ya fita.

Dadda Lahsen ne ya fara. "Saboda roba! Roba, Gizlan! Shekara da shekaru ana roƙonki ki buɗe baki, sai yau kika ga dama?"

Halti Ijja ta kalli tebur. "Ba su ɗauki sukarinsu ba," ta ce. "Ƙofa ba ta rufe ba tukuna."

Inna ta durƙusa tana tsince gilashi ɗaya-ɗaya tana zubawa a tafin hannunta. Da ta zage ni da ya fi min. Na je zan tura Baba ɗaki, ya kama hannun rigata ya riƙe gam. Ya kalli na'urar, ya kalle ni. Na ce, "Ban sani ba tukuna, Baba." Ya rufe ido.

Bayan magariba wayata ta yi ƙara.

"Ki yafe min. Ta mutu?"

"Ban buɗe ba."

"Ammi yana ta gaya min, ni kuma na ɗauka murna yake. Ba zan manta fuskarsa ba."

Can ya sake turowa.

"Na shawo kan Mama. Ta yarda ta dawo ranar Juma'a. Amma ki ce mata tsoron wuta ne ya sa ki ihu, kar ta kama Ammi. Ki ce sauran maganar ruɗewa ce, ke ba ruwanki da gem, Dadda Lahsen ne ya haɗa mu."

"In yi mata ƙarya?"

"Na ɗan lokaci ne. Ni ma rabin kwalayena suna gidan abokina, ba ta sani ba."

"Bayan biki a gidanku za mu zauna. In la'asar ta yi in ce mata ina za ni kullum?"

Ya daɗe yana rubutu. Abin da ya fito kawai shi ne, "Za mu san yadda za mu yi."

Ashe ya kira Dadda Lahsen ya gaya masa, Dadda Lahsen kuma ya gaya wa Inna. Ta shigo ɗakina ta zauna a bakin katifa, hannunta duk ƙananan yanka.

"Kalma ɗaya ce, 'yata," ta ce. "Ki faɗa a wuce wurin. Ke kina ganin ina so in rabu da ke ne? Ubanki ba zai dawwama ba, ni ma haka. Ranar da ba mu, wa zai riƙe ki? Matar Lahsen? Yaron nan yana sonki, na gani a idonsa."

"Ni ma ina sonsa, Inna." Ban taɓa faɗa da baki ba sai ranar.

"To ki taimake ni."

Na ce mata zan yi tunani. Ta shafa kaina ta fita.

Washegari Inna na fita aiki na je gidan maƙwabta na ɗauko taransifoma da cajar, ina tafe ina hutawa. Na shimfiɗa jarida a kicin, na kwance na'urar. Wani ɗan abu mai kamar ƙaramin gwangwani ne ya fashe kusa da ramin caja, ya zubar da ruwansa. Sauran ban ga alamar ƙuna ba, amma ba a gane wa da ido. Na buɗe tsohuwar rediyon Baba na ciro irinsa, na goge wurin, na liƙa. Na kai ta gaban talabijin na jona, na kunna.

Talabijin ta yi fari. Ta yi baƙi. Sai kiɗan ya tashi, da saurinsa yadda na san shi. Daga ɗaki na ji zobe yana bugun ƙarfen gado.

Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi jiya ba. Da na gama na wanke fuska. Ban mayar da ita ɗakin Baba ba. Na bar ta a falo, na ɗora a babban tebur, tsakanin dunƙulen sukarinsu. Na jawo jakar da ke ƙarƙashin gadon Inna, na jera kaset-kaset a gabanta, rawaya da shuɗi da ruwan hoda. Na ɗauki hoto na tura wa Radwan, na rubuta a hankali don kar in yi kuskure:

"Ta tashi. Ka gaya wa Lalla ranar Juma'a a nan za ta same ta, kuma bayan la'asar ni da Baba muna wasa. In ta zo ta zauna ta gani da idonta. Zan zuba mata shayi, a kofi wannan karon. Amma ba zan ce mata ba ni ba ce."

Ya karanta nan take. Ya fara rubutu, ya tsaya. Ya sake farawa, ya tsaya. Sai wayar ta hau ruri a hannuna, sunansa a kai. Na goge tafina a zane na ɗauka.

Ba muryarsa ba ce.

"Ke ce kika turo wannan hoton?" in ji Lalla Zubida.

Na miƙe tsaye, ban san dalili ba.

"Ni ce, Lalla."